Wutar da na ɗinka wa riga

Tanut, daren Laraba, farkon kaka, 1926

Har yanzu hannuna bai daina tsami ba. Motar kwamanda ta iso yau tana tari tana ɗingishi, ta mutu a bakin kasuwa. Gardi, dogarin kwamanda, ya yi shela cewa in ba ta tashi ba, mazan gari za su ja ta har Damagaram, ga hatsi ya nuna a gona.

Direban ya buɗe cikinta, ya sa ana juya ƙarfen tayarwa. Ni da na je kallo, sai na hango shuɗin tartsatsi yana tsalle daga wata waya da rigarta ta goge. Na kai yatsa, abu ya fizge ni har kafaɗa.

Direban ya yi dariya ya ce, "Baba, ka gano ta. Nan wutar ke zurarewa. Kana da busasshiyar fata?"

Ni da nake baduku ake tambaya ko ina da fata? Na naɗe wayar da fatar akuya, na ɗinke tsaf. Mota ta tashi lafiya lau, kowa ya koma girbi.

Na duba yatsan ya fi sau goma, babu ƙuna. Tun ina yaro nake hura wuta, ban taɓa sanin akwai wadda ake ɗinka wa riga ba.