Lungun da Ya Hana Malam Sani Dawowa Gida

Zuwa ga Baba Alhaji Garba, mai gidan da muke haya a unguwar Morrisania a nan ƙasar waje, kuma shugaban ƙungiyarmu ta 'yan gida.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, tare da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da jikoki. Allah ya ƙara girma.

Ni ce Rabi, matar Malam Sani direban tasi. Mu ne a ɗakunan baya na ƙasa, waɗanda ƙofarsu take can ƙarshen lungu. Na san ba tarbiyyarmu ba ce mace ta rubuta wa dattijo wasiƙa a idon jama'a, kuma sai da na cije kafin na ɗauki alƙalami. Na bi hanyar da aka saba. Na yi wa Hajiya magana, na roƙi Liman ya same ka, na tura yayan mijina. Kowa ya dawo mini da amsa ɗaya, wai a ƙara haƙuri. Na fito fili ne saboda haƙurin ya ƙi kai ni ko'ina, kuma saboda akwai hannun ƙungiya a cikin wannan matsala.

Ga wanda bai sani ba, mijina ya samu shanyewar ɓarin jiki a sanyin da ya wuce. Daga asibiti aka mayar da shi gidan jinya, inda ake yi masa gashi. Alhamdu lillahi ya samu sauƙi, yana zama a keken guragu, magana ma ta fara dawowa. Sun shirya sallamarsa, amma dokarsu ce sai an turo ma'aikaciya ta duba inda zai koma. Ta zo, ta tura keken babu kowa a kai cikin lungunmu, ƙafar gaba ta cije, keken ya kifa. Nan take ta ce ba za su sake shi ba sai an gyara hanyar. Wato yanzu ba ciwo ne ya riƙe Malam Sani a can ba, daɓen siminti ne.

Na ɗaya, halin da lungun yake ciki. Daɓen ya nutse ta wajen bango, ya karkace, kuma a tsakiya wani ɓangare ya fi ɗan'uwansa tudu har sai mutum ya ɗaga ƙafa. In an yi ruwa sai ya kwanta a bakin ƙofarmu, in sanyi ya shigo ya zama ƙanƙara. Katakon da ka sa aka ɗora da guntun kafet, na gode, amma katakon ya ruɓe, kafet ɗin kuma ya zama soso.

Na biyu, abin da ya jawo. Duk sunan da za a yi a cikinmu, duk biki, duk walimar dawowa daga Hajji, a bayan gidanka ake girki, domin kai kaɗai ke da fili. Wannan alheri ne, Allah ya saka maka. To amma ruwan wankin shinkafa da na manyan tukwane, a gindin bangon lungu mata suke sheƙa shi, kamar yadda muke yi a tsakar gida can ƙasarmu. A can rana ce take shanye shi kafin la'asar. A nan kuwa sai ya bi tsaga ya shige ƙarƙashin siminti, ya riƙa zaizaye ƙasa, sanyi ya zo ya daskarar da shi ya ƙara buɗe wurin. Ƙasan daɓen nan kogo ne, in ka taka za ka ji yana amsawa. Ba ni na ƙirƙiri wannan bayani ba. Masu gyaran da ka kawo da kanka su suka faɗa, kana tsaye.

Na uku, gyaran da aka yi. Da bikin 'yarka Zainabu ya matso, ka kira masu ɗaga siminti da kumfa domin daɓen ƙofar gaba, inda baƙi za su shiga. Na tsaya na kalli aikin daga farko har ƙarshe. Ba su fasa komai ba. Ƙananan ramuka suka huda, suka sa tiyo daga motarsu, suka ɗura wani ruwa da yake kumbura ya zama kumfa a ƙarƙashi, ya cike kogon, ya sandare. Ina kallo daɓen ya riƙa tasowa a hankali kamar ƙullun fanke, har ya daidaita da ɗan'uwansa. Suka toshe ramukan, suka share wurin, kafin magariba ana takawa. Babbansu ya leƙa lungu, ya ce wannan ya fi na gaba lalacewa, kuma tunda mota da kaya suna wurin, za su iya haɗawa a ranar. Ka ce a bari sai an gama biki. An gama biki, amarya ta tare, har an fara yi mata tsiyar laulayi, lungu yana nan yadda yake. Raina ya ɓaci a ranar, kuma har yau bai huce ba.

Na huɗu, maganar samari. Saƙon da Liman ya kawo mini na ƙarshe shi ne, a dawo da Malam Sani kawai, ai gidan cike yake da samari, za su riƙa cicciɓarsa da kekensa. Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, kuma a gida haka ake yi. Amma Baba Alhaji, waɗanne samari? Masu tuƙi sun fita tun asuba, masu shago sai dare. Ni kuma aikin kula da tsofaffi nake yi a unguwar Parkchester, ina tura kekunan iyayen wasu a kan hanya sumul, nawa mijin ya rasa ta shiga ɗakinsa. In gobara ta tashi da rana tsaka, wa zai cicciɓe shi? Na kai wa ma'aikaciyar wannan shawara don kada a ce ban gwada ba. Ta ce ba za ta sa hannu a kan alkawarin maƙwabta ba. Ban da haka, mutumin da ya yi shekaru yana kai tsofaffinmu masallaci a motarsa kyauta bai cancanci a riƙa ɗagawa da saukewa kamar buhun masara ba.

Abokan aikina sun ce in kai ƙara hukumar birni, su zo su duba. Na san lambar wayarsu, ban kira ba. Kai ka tarbe mu lokacin da muka sauka a garin nan ba mu san gabas ba, kai ka raɗa wa ɗanmu na fari suna. Ba na son ranar da za a liƙa takardar hukuma a ƙofarka da sunana a ƙasa.

Saboda haka ga roƙona. A dawo da masu kumfar nan su ɗaga daɓen lungu tun kafin sanyi ya shigo. A faɗa mini ranar da za su zo, rana takamaimai, domin in kai wa gidan jinya. Ƙungiya kuma, iyayena mata da 'yan'uwana, a daina zubar da ruwa a gindin bango, ga magudana nan a kusa da famfo. In ba haka ba, gyaran ma ba zai daɗe ba.

Malam Sani ya sa an haɗa masa jakarsa tun ranar da aka fara maganar sallama, tana nan a gefen gadonsa bai yarda a kwance ba. Kalmominsa kaɗan ne yanzu, kuma da wahala suke fita, amma duk zuwan da na yi sai ya tambaye ni ko an gyara hanya. Kullum ina ce masa an kusa. Na gaji da yi wa mara lafiya ƙarya, Baba Alhaji.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci zuri'arka, ya bar ka da ƙafafunka. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka ga ƙofar ɗakinka, shigarta ta gagare ka.

Wassalam. Taka 'ya mai jiran amsa,
Rabi, matar Malam Sani.