Inna Tana Rama Sallar Shekara Biyu

Zuwa ga Nasiba, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gonata, mai muryar da ta fi mini nonon safe daɗi. Zuwa gare ki, ko da yake kin ce a daina kiran ki Malama, a riƙa cewa Sarauniya Nasi. Ina gaishe ki cikin fushi, da zuciyar da na ce ta fita batunki ta ƙi ji.

Kin tuna garkar kawunki a Jiratawa? Ranar da na riƙe miki salula ina ɗaukar ki bidiyo tsakanin layukan zogale, injin ban ruwa yana ta ruri, kika maimaita Fatiha har sau bakwai saboda hannuna ya ƙi tsayawa wuri ɗaya? Kika tuntsire da dariya, wai ga mai gyaran salula da bai iya riƙe ta ba. Wayyo Nasiba, ai kallon ki ne ya hana ni! Daga wannan bidiyon matan Maradi suka san ki, daga unguwar Zariya har Sabon Gari, suna daka suna sauraren ki, wasu har suka raɗa wa 'ya'yansu sunanki. Ni kuwa ban tsaya wata-wata ba, na tura magabatana da goro gidanku.

Na sani, shekarar da aka rufe iyaka ta gasa mu duka. Lantarki ya tafi, kasuwa ta mutu. Ban ce kada ki nemi abinci ba. Ki tallata turare, ki tallata man ƙara hasken fata, ki yi rawa ma a farfajiyar otel in kin ga dama, tsakaninki da Mahaliccinki ne, ni ba liman ba ne. Amma me karatun ya yi miki da kika goge shi kaf daga shafinki a yini guda? Da matan suka yi ta kuka a ƙarƙashin hotunanki suna tambayar ina Malamarsu, sai kika ce ƙauyawa ne masu hassada. Ƙauyawa! Da bakin nan da ya koya musu alwala kika faɗa? Su wa suka ɗaga ki har masu ba ki talla suka san da zaman ki?

To, bari in ba ki labarin baƙauya ɗaya, uwata. Inna ba ta taɓa zama gaban allo ba. Shekara sittin da biyar tana salla da abin da kunnenta ya tsinta tun tana yarinya. Kowace Juma'a in na je Tsibiri, sai ta shimfiɗa tabarma gindin rumbu, in kunna mata muryarki, ta bi ki harafi harafi har Fatiharta ta miƙe. Yau da karin muryarki take karantawa, inda kike jan numfashi nan take ja. Tana nuna wa ƙawayenta hotonki tana cewa ga surukarta.

Wata uku ke nan da maƙwabciyarta Ramatu ta nuna mata sabon bidiyonki. Ba ta zage ki ba, da ma ta zage ki da na ji sauƙi. Ta dai tashi ta shige ɗaki. Tun ranar, duk sallar da ta idar sai ta tashi ta sake wata. Wai in rijiya ta gurɓace, alwalar da aka yi da ruwanta ma ba ta yi ba, don haka sallar shekara biyun da ta yi da karatunki sai ta rama. Na lissafa, Nasiba, sun haura dubu uku da ɗari shida! Tana jefa tsakuwa a ƙwarya don kada ta manta inda ta tsaya. Gwiwoyinta sun kumbura, shekaranjiya sai da aka ɗaga ta daga sujada. Liman ya gaya mata sallarta ta yi, ni ma na roƙe ta har da hawaye. Ta ce wadda ta koya mata ita kaɗai za ta ce ta yi ko ba ta yi ba.

Saboda haka ki zo, hasken raina, ki zo ran Juma'a. Kada ki turo saƙon murya, ta daina kallon salula. Ki zo da irin kayan da kika ga dama, ki zauna gindin rumbun nan, ki dubi idonta ki ce mata Fatihar ta Allah ce, ba taki ba, ba ta lalace ba. Kabu-kabu ɗaya ne tsakaninki da ita. Wane tallan ne ya fi wannan?

Baffannina sun ce za su je su karɓo goronsu, na ce a kan gawata. Ina jin haushinki kamar in fasa ihu a tsakiyar kasuwa, kuma wallahi ba wata bayan ke, ko kin zo ko kin ƙi. Ni zan iya jiran ki har furfura ta rufe ni. Inna ce ba za ta iya ba, yau ma tsakuwa biyar ta jefa.

Naki har ƙasa ta rufe idona, wanda ya hana a karɓo goronsa,
Zakariya'u