Turancin Tofayel Na Masu Tafiya Ne

Rokeya, ni na fara ganewa, ku kuna ta yabon ɗanki da ƙoƙari. Ɗazu na ji Tofayel yana haddar Turancin nan mai kalma bibbiyu: set of, cek in, tek of. Ban yi boko ba, amma na yi aikin jirgin ruwa, ya nutse da mu na fito da raina. Wannan Turancin masu barin gida ne. Na ce, "Ja'iri, ina za ka?" Ya ce, "Kaka, jarrabawa ce fa," idonsa a ƙasa.

Na tafi garin Teknaf wurin malamin da ke koya masa Turancin. Kar ki bar shi ya fita. Mai cewa tsufa ke damuna, ya tambayi yaron Turancin dawowa gida, mu ji ko an koya masa.