Tsintsiya Kafin Littafi

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba? Ya shinkafar bana?

Lafiyata ƙalau a makarantar Malam Gu. Sanyin dutsen nan ba komai, kunun ma in ya tsinke ana sabawa.

Albishirinki! Tun zuwana tsintsiya kaɗai Malam ya ba ni, wai gyaran hali daga shara yake farawa. Sai in kare ƙura da hannun riga, in tattaro ta wajena, kada ta taɓa babba. Jiya ya shafa gemu ya ce, "Wenbo, yau ban yi atishawa ba. Gobe ka zo ka karɓi littafi."

Saura kaɗan in taka rawa! Ki gaya wa Baba. Ke kuma Inna, ranar da na dawo, kin gama shara.

Ɗanki,
Wenbo