Takardar Shaidar Malam Tanimu

Zuwa ga Yaya Shitu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma ƙafar Inna ta yi sauƙi. Allah ya ƙara mata lafiya. Mu nan Bronx a Amurka ƙalau muke, sai dai ni kwana huɗu ke nan na kasa zama wuri ɗaya.

Ka tuna Malam Tanimu, wanda na ce maka shi ya wanke maigidana da ya rasu, ya tsaya har aka rufe shi? Shekara goma sha biyu shi ke wanke mamatan mutanenmu a nan, saboda Allah. Yanzu hukumar shige da fice na neman mayar da shi gida, lauyansa ya ce a tattaro takardun shaidar halinsa. Da limaminmu ya kawo mini tawa, har cewa na yi ni ce ta farko da zan sa hannu.

Ranar Lahadi sai ga Malam Tanimu a ƙofata, ya ƙi shiga. Ya ce kada in sa hannu sai na san ko shi wane ne. Yaya, shi ne Gwaska, ɗan bangar siyasar nan da ya soki ɗan'uwanmu Usaini da wuƙa ranar zaɓe, ya kashe shi ya gudu. Wai tun da ya ji sunan Baba a wurin ta'aziyya ya gane ni, shekara uku yana neman bakin magana. Ya ce jinin namu ne, abin da muka yanke ya karɓa.

Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Liman ya ce mutumin ya tuba, ga 'ya'yansa mata biyu da aka haifa a nan. Na ce Allah ya yafe nasa, namu fa? Usaini ko aure bai yi ba. Wannan kuwa ya yi iyali, ya yi furfura, ko kwana ɗaya bai yi a kurkuku ba. Na tsane shi, sai kuma in tuna hannunsa ne ya suturta uban 'ya'yana. Takardar cewa take ban san shi da mugun abu ba, ga shi yanzu na sani.

Ranar Juma'a lauya zai karɓa. Kada ka gaya wa Inna tukuna. Kai nake tambaya, domin kai ka wanke Usaini, kai kaɗai ka ga inda wuƙar ta shiga. In ka ce in sa hannu, zan sa. In ka ce a'a, da bakina zan gaya masa.

Ka gaishe mini da Inna, da matarka Zinariya, da Hamdatu. Don Allah ka kira ni da zarar ka karanta.

Ƙanwarka,
Hajara