Tsakanin Shibka da Girbi

Gecheme, daren Talata

Yau ma munka kafa farin ƙyalle bakin kasuwa, munka nuna silimar gujjiya. Ita silimar tana Faransanci, ni ina tsaye gefe ina maida wa mutane da Hausa, kamar kullum. Manomin ciki ya bar hatsi ya shibka gujjiya. Kafin ƙiftawar ido ta tsiro, ya girbe, ya sayar, sai ga shi bisa sabon keke yana dariya.

Da aka kunna fitila wata tsohuwa ta riƙe mini hannun riga. Ta ce, "Ɗana, tsakanin shibka da girbi, mi mutumen ga ya ci? Ni ban ga rumbu gida nai ba."

Na ce, "Inna, silima ce, ba a nuna komi duka." Ta daɗe tana dubana, kana ta sake ni.

Bara wannan silimar na kai garinmu, Dumega. Yayana Ango ya zuba gujjiya a gonar hatsin da Baba ya bar muna. Ruwa ya ɗauke da wuri. Yanzu rumbunsa wayam, ya tafi Sakkwato yin dako, 'ya'yansa suna wurin innarmu suna shan fura tsararo.

Ran da zai tafi bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ni ban jin Faransanci, ƙanena. Muryarka na ji."

Gobe Tibiri za mu. Ban san da wane baki zan yi magana ba.