Koren Shayina da Sukarin Direba

Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili.

Don Allah ki taimaki wani tsoho da shawara. Na san masu rubuto miki da manyan matsaloli suke zuwa, na aure da na gado da na rashin lafiya, ni kuwa tawa ta shayi ce. Kada ki yi dariya tukuna, ki bari sai kin kai ƙarshe. Ki kuma yi haƙuri da rubutuna. Hannun ya fara rawa, kuma mu 'yan makarantar da, ba a koya mana gajarta magana ba.

Na haura tamanin. Na yi aiki a gidan buga littattafai, a sashen haɗa tawada, har ƙarfina ya ƙare. Matata ta rasu shekarun baya, 'yata tilo kuma tana aure a wata ƙasa mai nisa. Ina zaune ni kaɗai a hawa na biyu, ɗaki da falo da ɗan kicin. Ba kuka nake yi ba. Ina da taga mai kallon titi, ina da rediyo, ina da kujerar da ta saba da bayana. Ƙirji na ɗan damuna, da ƙafafu, amma wanda ya kai shekaruna yana iya wanke kofinsa da kansa, ai sai godiya.

Bara 'yata ta aiko mini da wani ɗan gwangwani da bai cika tafin hannu ba, da kwano, da ɗan maburgi na gora mai siraran haƙora. A cikin gwangwanin garin koren shayin Japan ne, wanda ake kira matca. Ta koya mini ta waya: a tankaɗe rabin ƙaramin cokali, a bar ruwa ya ɗan huce bayan ya tafasa, a kaɗa har kumfa ta taso. Ranar da na buɗe murfin nan sai da na nemi wuri na zauna. Na ƙare ƙuruciyata ina haɗa kore, shuɗi kaɗan, rawaya kaɗan, amma ban taɓa fitar da irin wannan ba. Kore ne shar, mai rai. Tun daga ranar na samu abin da nake tashi domin sa da safe. Ina kaɗawa a hankali, in zauna bakin taga, in sha ina kallon masu saurin tafiya aiki, in ji babu wanda ya fi ni.

Yanzu ga inda maganar take. A hawan ƙasa akwai maƙwabcina, tsohon direban manyan motocin fasinja. Kowa Direba yake ce masa, shi kuwa Tawada yake kirana. Na girme shi, amma bai taɓa yarda ba. Gwiwoyinsa sun lalace, ya ce taka kuloci ne ya cinye su. Kullum da safe yakan ƙwanƙwasa bututun ruwa da cokali, ni ma in ƙwanƙwasa, ya san na tashi lafiya. Bayan La'asar sai ya hawo, yana hawa yana zagin wanda ya gina benen, ya zauna mu yi ta gardama a kan labaran rediyo. In kin cire shi, sai in wuni in kwana ban ji wani ya kira ni ba.

Wata rana na ƙara kaɗa shayin da yamma, ya hawo ya tarar da ni a kai. Ya leƙa kwanon, ya ce ashe tsufa ya kai ni ga shan ruwan lagireto, koren ruwan nan na sanyaya injin mota. Na haɗa masa nasa. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce ciyawar gefen hanya ce aka daka aka sayar wa 'yata. Sai ya tashi da kansa ya shiga kicin, ya ɗauko madara da sukari, ya zuba, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har cokali ya kusa tsayawa a ciki. Ya shanye, ya ce to yanzu mota ta tashi. Daga ranar ya zama kullum sai an haɗa masa. Kuma shi rabin cokali ba ya yi masa, wai ba ya jin komai, sai an cika.

Ina kallon koren nan yana mutuwa a cikin madara, ya koma kamar fentin bangon asibiti. Ban taɓa cewa komai ba. Na dai rage nawa. Da kullum nake sha, na koma yau in sha gobe in haƙura, yanzu kuwa sai in buɗe in shaƙi ƙamshin in rufe. Sannan kwanan baya uwargidansa, mace mai kirki wadda in ta ɗora tukunya sai ta aiko mini, ta ce ta ga ana yin kek da shi, in ɗan sam mata. Da wane baki zan hana? Na ɗibar mata. Kek ɗin ya zo, ya yi daɗi, amma ko ƙamshin shayin ban ji ba, launin ma ya koɗe. Yanzu ana hango gindin gwangwanin ƙarshe da 'yata ta aiko. 'Yata ba ta aikowa sai ta samu mai zuwa, kuma ba zan buɗe baki in ce ta ƙaro ba, tana da yaranta da hidimarta.

Sai na yi wata dabara. Na lallaɓa da sandata zuwa babban kantin da ke bayan tashar bas. Na tarar da irinsa a jere, gwangwanaye da fakiti-fakiti, kowanne yana cewa shi ne na gaske, rubutun kuma ƙanana, idona bai kama ba. Na ɗauki babban fakiti mai araha, na ce a raina wannan na Direba ne. Da na buɗe a gida, idona ya gaya mini gaskiya kafin hancina. Launinsa kamar tawadar da aka manta a buɗe, koren ya tafi ya bar rawaya da ƙasa-ƙasa, ga tsaki, har da sukari a ciki. Duk da haka da ya hawo da yamma na shiga kicin, na juya wa ƙofa baya, na haɗa masa shi. Na ɗauki kofin zan fito, ƙafata ta ƙi. Mu yadda aka tarbiyyantar da mu, a gida da makarantar kwana, ba ka miƙa wa baƙo abin da ya gaza naka. In akwai mai kyau da marar kyau, kai ne mai shan marar kyau. Na zubar, na wanke kofin, na haɗa masa daga na 'yata. Shi kuwa yana falo yana ɗaga murya, wai ko Japan ɗin na tafi tsinko ganyen.

Kuma ki san halin mutumin, zuciya gare shi. Ya taɓa daina shiga gidan wani abokinsa har mutumin ya tashi daga unguwar, don kawai an ba shi kujerar roba alhali ga kushin babu kowa a kai. In ya gane ina da gwangwani biyu, ɗaya nawa ɗaya nasa, ba zai yi faɗa ba. Zai ce gwiwa ta hana shi hawowa, shi ke nan, ni kuwa ba ni da yadda zan ƙaryata gwiwa.

To 'yata, ga tambayoyina. Rowa ce ta kama ni da tsufana? In ba ita ba ce, akwai irin wannan shayin da ya dace da madara, mai mutunci, wanda zan miƙa wa aboki ban sunkuyar da kai ba? Yaya zan gane shi a kanti? Ko in bar ragowar ta ƙare a tsakaninmu, in koma shayina na da, in yi shiru? Koren shayi kam zan iya haƙura da shi, na yi shekara tamanin ban san shi ba. Ƙwanƙwasa bututun nan ne ban san yadda zan yi in ta tsaya ba.

Naki,
Tsohon hawa na biyu

Wa alaikumus salam, Baba.

Ban yi dariya ba sai a wajen ruwan lagireto, wannan kuwa laifin Direba ne.

Ba rowa ba ce. Marowaci ba ya hana kansa don baƙo ya ƙoshi. Abin da ke damunka shi ne ganin kyautar 'yarka tana tafiya inda ba a jin daɗinta, kuma da gaskiyarka. Amma shi ma Direba ba shi da laifi. Harshensa a tasha ya saba da shayi, mai kauri mai zaƙi, kuma bai san gwangwanin ya kusa ƙarewa ba tunda ba ka faɗa masa ba.

Inda na saɓa da kai shi ne ka ɗauka mai kyau da marar kyau ne kawai. Kai ka fi ni sanin tawadar bangon littafi daban take da ta jarida, kuma ba a ce ɗaya ta lalace ba. Haka matca yake. Wanda 'yarka ke aikowa, daga yadda ka kwatanta shi, na sha zalla ne da ruwa, daga ƙananan ganyen tsinkar farko. Ɗanɗanonsa mai laushi ne, shi ya sa madara ke danne shi. Da Direba ke cewa ba ya jin komai sai an cika cokali, gaskiya yake faɗa. Akwai na tsakiya da ake yi don madara. Korensa bai kai na farkon haske ba, amma yana da ƙarfi da ɗan bauri, yana ratsa madara da sukari a ji shi. A kofin Direba wannan zai fi naka daɗi. Sai na girki, wanda ya fi su ɗaci, shi ne ɗanɗanonsa ke tsira bayan an gasa. Da a ce da shi uwargida ta yi kek, da ka ji shayin. Abin da ka sayo kuwa ba ya cikin ukun nan, haɗin sukari ne. Ƙafarka ta kyauta da ta ƙi.

In ka koma kanti, ka sa mai kantin ya karanta maka bayan fakitin. Abin da ke ciki ya zama abu ɗaya tak, koren shayi. In ka ji sukari ko garin madara, ka mayar. A duba an rubuta daga Japan yake, a duba kwanan wata ka ɗauki mafi sabunta. Kada manyan kalmomin gaban gwangwani su ruɗe ka, kowa yana iya kiran nasa na musamman. Ka guji wanda ake hango shi ta cikin kwalba ko leda, haske yana kashe shi. Ka sayi ƙarami. A gida ka ɗibi kaɗan ka ja shi da yatsa a kan farar takarda. Mai kyau zai yi dogon layi sumul kamar hoda, marar kyau zai kakkatse ya bar tsaki. Ƙamshinsa ya zama na ɗanyen ganye, ba na busasshiyar ciyawa ba. Launi kuwa ba ni zan koya maka ba. Ka rufe shi sosai, nesa da murhu da taga. Da zarar an buɗe shi ba ya son jira, saboda haka wannan shaƙar ƙamshi da kake yi kana rufewa ita ce asarar gaske. 'Yarka don ka sha ta aiko.

Babbar shawarata ita ce kada ka ɓoye komai. Ba gwangwani biyu ne zai ɓata wa Direba rai ba, juya wa ƙofa baya ne. Kujerar roba ta yi masa ciwo ne don an zaɓa masa ita ba a tambaye shi ba. Ka gaya masa a fili, cikin tsokanar da kuka saba, cewa na 'yarka man ƙaramar mota ne, ka kuma ji labarin akwai dizal na manyan motoci. In ƙafafu sun yarda ku tafi kantin tare, ya zaɓa da hannunsa, ku sayo wa uwargida na kek. Ka haɗa masa kofi biyu, ɗaya daga kowane gwangwani, da madararsa da sukarinsa, ka bar shi ya yanke hukunci. Gwangwanayen su zauna a kan tebur a gabansa, wata rana kai ma ka sha nasa da madara tare da shi. In kuma ya ɗanɗana ya ce na 'yarka yake so, ka ba shi, amma ka nuna masa gindin gwangwanin. Mai zuciya irin tasa da kansa zai taka birki.

Ka kuma ba 'yarka labarin nan. Ba roƙo ba ne. Wadda mahaifinta ke zaune shi kaɗai a nesa da ita, babu albishir ɗin da ya kai ta ji shayin yana saurin ƙarewa don akwai mai taya shi sha.

A ƙarshe, Baba, ka sake karanta wasiƙarka. Mutumin da ya kira shayin nan ciyawar gefen hanya, wanda sai ya binne shi da sukari kafin ya iya haɗiyewa, shi ne yake jan lalatattun gwiwoyi ya hau bene kullum. Madara da sukari akwai su a ɗakinsa a ƙasa. Ba gwangwaninka yake hawowa nema ba.

Allah ya ƙara muku lafiya kai da Direba da uwargidansa, ya sa a daɗe ana ƙwanƙwasa bututun nan ana amsawa. Gobe da safe, in ka amsa masa, ka tankaɗe rabin cokalinka ka kaɗa, ka zauna bakin taga ka sha abinka.

'Yarka,
Mai kula da fili